Tauye Mudu: Daga Kwalbar Lemo Zuwa Fanshon Tsofaffin Kadawa

Duk mai tsayawa kasuwar Kura ya jiƙa maƙoshi ya ga abin da ya sami lemon kwalba. Robar nan mai santilita 60 da ake saye naira 100 wajen 2015 ta yi wuyar gani. Ta 50 da ta 35 suka cika shaguna, kuɗin kuwa ya ninka ya sake ninkawa. Da mai awon shinkafa ne ya lotsa gindin kwanonsa haka, da tuni Sarkin Kasuwa ya aika a kira shi. Tauye mudu ke nan, laifin da aka saukar da sura guda a kansa.

Lemo dai ba tilas ba ne. Mai ƙishirwa ya nufi randa. Abin da ya tayar mana da hankali, 'yan'uwa ɗalibai, shi ne irin wannan awo ake yi wa iyayenmu da suka bar aiki, kuma hukuma ce riƙe da mudun.

A dubi Kadawa, Kura da Bunkure. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, wasu bayin Allah ne suka yi ta buɗe ƙofofin ruwa, suna yashe magudanai, suna bin gonaki a matsayin malaman gona, har ƙasar ta zama rumbun shinkafa, alkama da tumatir. Yau sun tsufa. Adadin da ke rubuce a takardar fanshonsu bai ragu da ko kwabo ba, amma abin da ke cikinsa ya tsiyaye. Bayan janye tallafin man fetur a Mayun 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ma'ana, fanshon da ya sayi kwano huɗu a ƙarshen 2023, uku ya saya bayan shekara guda. Tsohon da ya kai ruwa gonar shinkafa, shi ne yake tsaye gaban mai awo yana ƙirga canji!

Mahukunta za su ce ai akwai doka. Gaskiya ne: sashe na 173 da na 210 na Tsarin Mulkin 1999 sun ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko kuwa duk sa'ad da aka ƙara albashi. To, shekara biyar a kan wane ciki? Ɗan jari-hujja ba ya jiran shekara biyar kafin ya gyara kwalbarsa. Da sukari ya hau, shi ma ya hau. Kuma ko wa'adin ya cika, sai tsofaffi sun yi jerin gwano a ƙofar ofis kafin a tuna da su.

Amurka, uwar jari-hujja kanta, tun 1975 take ƙara kuɗin tsofaffinta kowace shekara gwargwadon tashin farashi, ba tare da kowa ya roƙa ba. Abin da muke nema ke nan daga Majalisar Tarayya da ta Jihar Kano: doka wadda za ta ɗaure fansho da farashin kasuwa, a riƙa gyara shi duk watan Janairu. Ku kuma sababbin ma'aikata da fayil ɗin tsofaffin nan ke kwana a teburinku, ku karkaɗe masa ƙura ku miƙa shi gaba ranar Litinin.