Zauren Kwamfuta: Kafin Mu Ɗora wa Kamfani Laifi

 Makon jiya mun leƙa ofishin wata makaranta ana tsaka da rajistar WAEC. Kwamfutoci biyar ne, huɗu na aiki, ɗaya ta ƙi shiga intanet, kuma a cikinta sunayen 'yan ajin ƙarshe suke. Malam har ya fara faɗa da kamfanin sadarwa. To, da laifin kamfani ne, ai duka biyar ɗin za su tsaya.

Wayar muka fara dubawa, tana zaune daram, fitilarta na ƙyaftawa. Sai muka buɗe Command Prompt muka rubuta ipconfig. Kowace na'ura tana da adireshin IP, kamar lambar gida a unguwa, kuma rauta ce ke rabawa. Na sauran huɗun sun fara da 192.168.1, na wannan kuwa 169.254. Ku riƙe lambar nan da kyau: Windows ce ke ba kanta ita idan ta roƙi adireshi ba a amsa mata ba.

Da muka shiga shafin rautar sai muka ga inda gizo ke saƙa. Adireshi ashirin kacal aka ware, kuma wayoyin malamai sun kwashe saura ta Wi-Fi (ba mu kama suna ba!). Muka mayar da su hamsin, muka rubuta ipconfig /renew, nan take ta samu nata. Muka gwada ping 8.8.8.8, amsa ta dawo. Kafin azahar an gama tura sunayen.