Ra'ayinmu: Bidiyon yaƙi da amanar da ke wuyan mai kallo

A ƙasar Haɗejiya, labarin yaƙi ya iso mana ne ta bakin maroƙa da dattawa. Har yau ana ambaton Sarki Muhammadu Mai Shahada, wanda ya kwanta dama a fafatawa da sojojin Turawa a watan Afrilun 1906, kuma jarunta ce ta fi zama a zukata. Kukan marayu da halin matan da aka bari da takaba ba su cika shiga kirari ba. Yau kuwa ɗalibi a Auyo yana zaune a ƙofar gida, wayarsa tana nuna masa gawarwakin yaran Gaza tun kafin a binne su.

Gani ya kori ji. A 1972, hoton wata yarinya 'yar Biyetnam tana gudu wutar bam ta ƙone mata jiki ya zagaya duniya, ya ƙarfafa hujjar Amurkawan da ke adawa da yaƙin. A nan gida, bayan jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, Jihar Kaduna, a daren 3 ga Disamba, 2023, hotunan gawarwaki da na jana'iza suna cikin abin da ya hana maganar shiriricewa. Rundunar soja ta amsa kuskure, gwamnati ta ba da umarnin bincike.

Idan irin wannan gani ya sa matashi ya daina kallon yaƙi a matsayin abin ado, to ya dace da tarbiyyar Musulunci. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana fatan haɗuwa da abokan gaba, ya yi umarni da roƙon Allah lafiya. Ya kuma hana kashe mata da yara da wulaƙanta gawa.

Sai dai hoton da ke farkar da zuciya yana iya hura wutar fitina. Boko Haram ta daɗe tana yaɗa bidiyon kisa domin tsorata jama'a da jan hankalin matasa, kuma duk wanda ya tura shi gaba ya yi mata aiki kyauta. Haka ake ɗauko tsohon bidiyo daga wata ƙasa a liƙa masa sunan wani ƙauye namu. A fadamarmu, inda manomi da makiyayi ke haɗuwa kan gona da mashaya, irin wannan ƙarya tana iya jawo ramuwar gayya kafin gari ya waye. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta wajabta mana tantance labari, domin kada mu cutar da wasu cikin jahilci mu koma nadama. Yawan kallon jini kuma yana busar da zuciya, har mutum ya riƙa wuce gawa da yatsa yana shan shayi.

Don haka muna kira ga magidanta da su kula da abin da yara ke gani a waya. Ɗalibai su tambayi inda bidiyo ya fito da lokacin da aka ɗauke shi kafin su tura. Limamai da malaman Islamiyya su tunatar cewa mamaci yana da haƙƙin sutura, iyalansa kuma suna da mutunci. Wanda hoton ya girgiza, ya mayar da tausayinsa addu'a da sadaka ga 'yan gudun hijira, da neman adalci ta hanyar doka. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.