Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yadda Aka Ceto Fursunonin Kabanatuwan

A cikin tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, hare-haren ƙundunbala kaɗan ne suka yi suna kamar wanda aka kai sansanin fursunonin yaƙi na Kabanatuwan, a tsibirin Luzon na ƙasar Filifin, ran 30 ga Janairu, 1945. A daidai wannan lokaci ne sojojin Nijeriya ke fafatawa da Japanawa a dazuzzukan Bama, amma labarin wannan mako daga wani fagen fama ya fito, kuma darasin da ke cikinsa bai tsufa ba.

Asalin al'amarin shi ne, ran 9 ga Afrilu, 1942, sojojin Amurka da na Filifin kimanin 75,000 suka ba da kai ga Japan a yankin Batan. Aka kora su a ƙasa tafiyar kimanin mil 65 cikin rana da ƙishirwa, dubbai suka mutu a hanya. Da yawa daga Amurkawan da suka tsira aka tsare su a Kabanatuwan, inda yunwa da zazzaɓin cizon sauro da atuni suka yi ta ɗauke su. Masu sauran ƙarfi aka kwashe su zuwa aikin tilas a wasu wurare, har ya zama a farkon 1945 ba a bar kowa ba sai mutum 500 da ɗoriya, mafi yawansu marasa lafiya.

Abin da ya tayar da hankalin shugabannin sojan Amurka kuwa shi ne labarin da ya zo daga tsibirin Palawan. A can, ran 14 ga Disamba, 1944, masu gadi suka tura fursunoni cikin ramukan fakewa, suka tuttula fetur suka cinna wuta, mutum 139 suka halaka. Saboda haka da rundunar Amurka ta sauka Luzon ran 9 ga Janairu, 1945, sai aka ji tsoron kada a yi wa mutanen Kabanatuwan irin wannan ɗanyen aiki kafin a iso gare su.

Janar Walter Krueger ya ɗora wa Laftanar-Kanar Henry Mucci wannan nauyi, shi kuma ya sa Kyaftin Robert Prince ya tsara yadda za a faɗa wa sansanin. Da sojojin ƙundunbala 120 da 'yan kai, da 'yan leƙen asiri ƙalilan, suka ratsa bayan dagar abokan gaba tafiyar mil 30 a ƙasa, ta cikin gonakin shinkafa. To, amma a nan ne mutanen ƙasar suka shigo cikin maganar, watau 'yan sari-ka-noƙen Filifin fiye da 250 a ƙarƙashin Kyaftin Juan Pajota da Kyaftin Eduardo Joson.

Mucci ya yi niyyar kai hari ran 29 ga wata. Pajota ya shaida masa cewa wata babbar rundunar Japan za ta bi ta hanyar da ke gaban sansanin a daren nan, don haka a dakata kwana guda. Mucci ya ji shawara. Kazalika Pajota ne ya sa mutanen ƙauyuka suka ɗaure bakin karnukansu, suka kulle kajinsu, don kada hayaniya ta tona asirin tafiyar. Shi ne kuma ya tanadi amalanke da ɓaunar noma ke ja, domin ya san fursunonin ba za su iya takawa ba. Da aka damu da filin da ke kewaye da sansanin, wanda ba shi da wurin ɓuya, sai ya ce a turo jirgin sama ya yi shawagi don ya ɗauke hankalin masu gadi.

Haka kuwa aka yi. Da magariba ta kawo jiki jirgin ya yi ta kewaya sama, masu gadi suka ɗaga kai suna kallo, su kuwa sojoji suna jan ciki har gindin waya. Kafin ƙarfe takwas na dare aka buɗe wuta, cikin kamar rabin sa'a an gama da masu gadi, an fitar da fursunoni, waɗansu a goye. Waɗansunsu ma da farko suka ƙi fitowa, suna zaton dabara ce ta Japanawa don a sami hanyar harbe su. A wannan lokaci Pajota da mutanensa suna bakin gadar kogin Kabu, sun tare sojojin Japan kimanin 1,000 sun hana su kawo ɗauki, Joson kuma ya toshe hanyar da ta fito daga cikin gari. Aka ceto mutum fiye da 500. Sojan Amurka biyu ne suka rasu, ɗayansu likitan rundunar, Kyaftin James Fisher.

Domin a gane inda sirrin nasarar yake, ya kamata a dubi wani hari da aka kai shekara 25 bayan wannan. Ran 21 ga Nuwamba, 1970, Kanar Arthur Simons ya sauka da zaɓaɓɓun sojoji 56 cikin jirage masu saukar ungulu a kurkukun Son Tay, mil 23 daga Hanoi a Biyetnam ta Arewa. Sun yi watanni suna gwaji, suna da hotunan da aka ɗauko daga sama, kuma sun shiga sun fita ba su rasa ko mutum ɗaya ba. Amma ɗakunan wayam suka tarar da su, domin tun watan Yuli aka sauya wa fursunonin wuri. Ba su da wani manomi a gefen katanga wanda zai ce musu ai mutanen sun tashi. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Jaruntaka dai akwai ta a wuraren nan biyu, kayan yaƙin Son Tay ma sun fi na Kabanatuwan nesa ba kusa ba. Abin da ya bambanta su shi ne amincewar mutanen ƙasa, wadda ba a sayenta ran da ake bukatarta. Ƙauyawan Luzon sun san in Japanawa suka gane da hannunsu, ƙauyukansu za su zama toka, duk da haka suka ba da dabbobinsu da abincinsu, suka kuma kame bakinsu. Duk rundunar da ke son kuɓutar da mutanen da aka tsare, a ko'ina take, sai ta fara tambayar kanta ko talakawan da ke kewaye da wurin za su yarda su faɗa mata gaskiya. Idan amsar a'a ce, to, akwai aikin da ya kamata ta fara yi tun kafin ta ɗauki bindiga.