Kuch Kuch Hota Hai da haƙƙin Aman

Masoya fina-finan Indiya a Gwandu da Kalgo ba sa buƙatar a gabatar musu da Kuch Kuch Hota Hai, fim ɗin farko da Karan Johar ya ba da umarni, a 1998. Waƙoƙinsa akwai daɗi, tsokanar Shah Rukh Khan da Kajol a filin ƙwallon kwando tana sa dariya har yau.

Labarin ne da gyara. Rahul (Shah Rukh Khan) bai ga kyan Anjali (Kajol) ba sai da ta tara gashi ta ɗaura sari. Aman kuwa, bawan Allah, an sa ranar aurensa da Anjali, dangi sun taru, ya miƙa amaryarsa ga Rahul. A ƙasar Gwandu da sai manya sun zauna. Fim ɗin ya cancanci kallo, amma an ci haƙƙin Aman.