A TARA IRI, A GYARA SHI, A YI MUSAYARSA

Ba mu taɓa jin manomin da ya cinye gero duka har da na iri, sa'an nan ya zauna yana jiran damina ba. Kowane magidanci ya san tun a gona a ke zaɓen zangarniyar da ta fi kyau, a ɗaure ta dabam, a sa ta can ƙuryar rumbu inda ko yunwa ta yi tsanani ba a taɓa ta. Amma abin mamaki, wannan hikimar da mu ka gada game da hatsi mun ƙi yin aiki da ita wajen shuke-shuken garka da na lambu masu daɗewa, watau irin su zogale, da lalle, da gwanda, da kuka, da ɗorawa, da tsamiya. Mu kan ɗauka waɗannan su ke shuka kansu. A ganinmu wannan sakaci ne mai tsada, maganinsa kuwa yana hannun malaman makaranta da ma'aikatan hukuma na gundumomi, in sun so.

Dalilin da ya sa mu ka ce mai tsada shi ne wannan. Wanda ya shuka mugun irin gero ya yi asarar damina ɗaya, baɗi ya gyara. Amma wanda ya shuka ƙwallon dabino zai yi ta ban ruwa shekara biyar ko fiye kafin ya san abin da ya samu, wataƙila ma namiji ne, ba zai ba shi ko ƙwaya ɗaya ba. Kuskuren iri a kan itace ba a gane shi sai bayan shekaru sun wuce, lokacin nan kuwa ba mai iya mayar wa mutum da wahalarsa.

Ga kuma wata ɓarna da mu ke yi ba da niyya ba. Zogale mu kan yi ta tsinke shi domin kwaɗo da miya, ba mu barin ko reshe ɗaya ya yi fure balle ya yi 'ya'ya. Kuka a kan zage mata ganye kowace shekara har ta kasa haihuwa. Kalwa kuwa duk ta tafi kasuwa, an dafa ta an yi daddawa, 'yar wadda ta faɗi ta tsiro awaki sun cinye. Duk wanda ya bi gonakin ƙasar Kano ko Katsina ko Zazzau ya lura, zai ga manyan ɗorawa da kuka birjik, amma ƙanana sai an nema. Garin da ke da tsofaffi ba yara kowa ya san makomarsa.

Wani zai ce, ina ruwanmu da wannan wahala, tun da gwamnati tana da gandun renon itatuwa, kasuwa kuma cike ta ke da iri? Haƙiƙa gwamnati tana ƙoƙari. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin nan na kafa katangar itatuwa domin tare hamada, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015, tana aiki a jihohi 11 na Arewa. Amma gandun gwamnati ya fi ba da abin da ke da sauƙin reno da yawa, kamar darbejiya da turare. Ba shi da labarin tsamiyar nan mai zaƙi ta bayan gidan dagaci, ko lallen da matan wata unguwa su ka fi so domin kamunsa, ko zogalen da ya tsallake farin 1973 da na 1984 bai mutu ba. Irin kasuwa kuwa mai sayarwa kansa sau da yawa ba ya iya faɗin uwar da ta haife shi ko shekarar da aka tara shi. Abin da ya saba da ƙasar gari da ruwan gari, mutanen gari ne kaɗai za su iya riƙe shi.

To, yaya a ke tara iri? Farko a zaɓi uwa tun ba a kai ga 'ya'ya ba: mai lafiya, mai yawan haihuwa, wadda aka shaida ɗanɗanonta. A ɗaura mata tsumma ko a shafa mata farar ƙasa domin mutanen gida su san ba a tsinke wannan. Na biyu, kada a ɗebi iri duka daga itace ɗaya kome kyansa. Masana aikin daji suna ba da shawara a tara daga uwaye wajen 30 masu nisa da juna, domin itatuwan da ke kusa da juna sau da yawa 'yan'uwa ne, cutar da ta kama ɗaya ta kan kama saura. Mai garka ɗaya ba shi da itatuwa 30, amma unguwa tana da su, wannan ma shi ne dalilin farko na yin musaya. Na uku, a jira iri ya nuna a kan uwa. Kwanson zogale sai ya bushe ya koma ruwan ƙasa, a cire shi kafin ya tsage ya zubar. 'Ya'yan lalle sai sun bushe har suna murmushewa a hannu. Gwanda da gwaiba sai waɗanda su ka nuna sarai. Abin da aka tsinta a ƙasa ya daɗe kwance, a bar wa dabbobi, domin ƙwari sun riga kowa zuwa gare shi.

Sa'an nan gyara. Busasshen iri a ɓare shi, a sheƙe, a bakace a faifai, a tsince mai huji da mai ƙwanƙwamewa da wanda launinsa ya sāke. Irin da ke cikin nama kuwa sai an wanke. Ƙwayar gwanda tana cikin wata 'yar jaka mai yauƙi wadda ke hana ta tsirowa da wuri. A murje ta a rariya ko a tsumma, a ɗauraye. Kuka da tsamiya da ɗorawa a jiƙa su, a wanke garin ko tsamin da ke jiki tas, domin shi ke jawo fumfuna da tururuwa. Wajen kuka da ɗorawa, ƙwayar da ta taso saman ruwa galibi fanko ce, a zubar. Bayan haka a shanya a inuwa, a kan tabarma, inda iska ke ratsawa. Kada a shanya a kan kwano ko siminti da rana tsaka, gama zafin yana kashe ran da ke cikin ƙwaya alhali daga waje ba a ga alama ba. Allah ya hore mana hunturu, ba kuwa lokacin da ya fi shi dacewa da busar da iri.

Abokan gaban iri a ajiye uku ne: danshi, da zafi, da ƙwari. A zuba shi bayan ya bushe ƙayau a kwalba ko gwangwani ko gora mai murfi, a haɗa da toka mai sanyi wadda aka tankaɗe, a toshe bakin sosai, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da murhu. A cika mazubin har wuya, domin in iska ta yi kaɗan ƙwari ba su rayuwa. A kuma rubuta a takarda, ɗaya ciki ɗaya waje: sunan shuka, da garin da aka samo ta, da wata da shekara. Irin da ba shi da takarda, bayan wata shida ya zama abin gardama.

Amma fa ba kowane iri ne ke son ajiya ba, nan ne kuma mutane da yawa ke faɗawa rami. Ƙwallon mangwaro in ya bushe ya mutu. A shuka shi cikin 'yan kwanaki. Irin darbejiya 'yan makonni ya ke yi ƙarfinsa ya tafi. Na lemo ma ba ya son bushewa sosai. Zogale ya fi kyau a shuka shi kafin shekara ta zagayo. Kuka da gawo da bagaruwa kuwa akasin haka su ke: suna iya yin shekaru a kwalba, amma ɓawonsu yana da tauri har ruwa ba ya shiga. A daji cikin dabba ne ke lausasa musu shi, shi ya sa a kan ga gawo yana tsirowa inda shanu su ka kwana. A garka sai a tafasa ruwa, a sauke, a zuba irin a bar shi ya kwana a ciki, ko kuwa a ɗan goge gefen kowace ƙwaya a kan dutse kafin a shuka. Wanda bai san wannan ba zai shuka iri mai kyau, ya ga shiru, ya zargi wanda ya ba shi.

Wajibi ne kuma a gaya wa jama'a gaskiya game da waɗanda ba su gadon uwa. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a lambu wannan ba kullum ya ke tabbata ba. Mangwaro mai aure in an shuka ƙwallonsa sau da yawa wani abu dabam ya ke fitowa; sai an yi masa aure da reshen uwar da a ke so. Ƙwallon dabino wajen rabi maza ya ke bayarwa, matan ma ba lalle su yi kama da uwa ba. Hanyar da ta tabbata ita ce a cire 'ya'yan da ke fitowa a gindin uwa a dasa, mai son ƙarin bayani kuwa akwai tashar binciken dabino a Dutse. Gwanda a shuka uku ko huɗu a rami guda, in sun yi fure a gane maza a rage su, a bar kaɗan domin barbara. Shuwaka da reshe a ke dasa ta, zogale da lalle ma suna kamawa da reshe. Saboda haka musayar da mu ke nufi ta haɗa da reshe da dashe, ba ƙwaya kaɗai ba.

Yanzu sai maganar musaya, wadda ita ce gindin wannan sharhi. Manyan ƙasashe ma ba su yarda su ajiye irinsu wuri ɗaya ba. A 2008 aka buɗe wani babban rumbun iri cikin dutse a tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, inda cibiyoyin duniya ke kai ajiyar abin da ke hannunsu. Wata cibiyar binciken noma da ke Halab ta ƙasar Siriya ta kai nata can. Da yaƙi ya raba ta da rumbunta, a 2015 ta je ta karɓo ajiyarta, ta sāke shukawa a Labanan da Maroko. Da ba ta ba wani ajiya ba, da aikin shekaru ya salwanta. Mu ma muna da irin waɗannan ma'ajiyai: akwai na cibiyar IITA a Ibadan, wadda aka kafa a 1967, da na cibiyar ICRISAT a Sadore kusa da Yamai, ga kuma Samaru, inda a ke binciken noma tun 1922. Amma waɗannan sun fi ƙarfi a kan hatsi da wake da gyaɗa da doya. Lallen unguwa da tsamiyar ƙauye ba su da rumbun da ya wuce garkar maƙwabci. Wanda ya ba mutum biyar irin zogalensa ya yi ajiya wuri biyar. Ran da gobara ko fari ko awaki su ka gama da nasa, ya san ƙofar da zai yi sallama.

Musaya tana da sharuɗɗa. Kada mutum ya ba da abin da bai gwada ba: a ƙirga ƙwaya 20, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa yayyafa ruwa mako biyu ko uku, a ƙirga waɗanda su ka tsiro, a rubuta a takardar. Kada a ba da iri ko reshe daga itace mai cuta. Kada kuma a yi rawar jiki wajen baƙuwar shuka don an ce tana girma da sauri. Wata ƙaya 'yar asalin nahiyar Amurka mai suna Prosopis, wadda aka shuka domin tare rairayi, ta mamaye filaye masu yawa a bakin Tafkin Cadi ta ɓangaren Nijar, ta toshe wa manoma da masunta hanya. Baƙon da ba a san halinsa ba, a tambayi malamin gona kafin a yi masa masauki.

Abin da mu ke roƙo ba ya bukatar a sa shi cikin kasafin kuɗi. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, malamin gona da malamin daji sanannu ne a gunduma, makarantu kuma suna da gona, hannu da yawa ke taruwa a kan aiki irin wannan. Ba abin da zai hana a raya wannan. Kowane hedimasta ya keɓe kwalabe goma da littafi ɗaya. Yara su kawo iri daga gida tare da sunan uwar da garinta, su gyara shi da hannunsu, su yi gwajin tsiro. A cikin wannan akwai lissafi, da rubutu, da ilmin halitta, duk a darasi guda. Magatakardan hakimi ya riƙe rajistar itatuwan da su ka yi suna a gunduma, domin a san su, a kuma hana sare su. Sa'an nan a sa rana ɗaya a shekara, wajen watan Afrilu ko Mayu kafin ruwa ya sauka, makarantun gunduma su haɗu ran kasuwa, kowa ya baje abin da ya tara, a ba da a karɓa ba ciniki. Lalle ne a gayyaci mata, a kuma saurare su, gama su ne masu garka, su ne su ka san zogalen da ba shi da ɗaci da kukar da ta fi yauƙi a miya.

Inuwar da mu ke sha a ƙofar fada da bakin kasuwa waɗansu ne su ka bar mana ita, ba su kuwa nemi lada a wurinmu ba. Bashi ne a kanmu, waɗanda za mu biya kuwa suna aji ɗaya yanzu. Hunturu na zuwa kowace shekara, kwanso na bushewa a kan reshe ko an kula ko ba a kula ba. Muna fata malamai da ma'aikata za su fara a bana, ko da da kwalba ɗaya ne. Allah ya sa mu dace, amin.