Sauya Tushen Manhaja da Makomar Aikin Hausa

Duk wanda ya san lambunan Danja da Funtuwa ya san mangwaro ɗan aure, wato reshen bishiya mai daɗin 'ya'ya da ake yankowa a ɗaura a kan gindin wata mai jure fari. Kusan haka ake gina yawancin manyan manhajojin kwamfuta na dangin Linux, waɗanda ake rabawa kyauta, kuma aka bar wa kowa damar duba cikinsu ya gyara. Masu sabon aiki ba su cika farawa daga ƙasa ba. Sukan ɗauki wani tsohon tsari su mai da shi tushe, sa'an nan su ɗora nasu fasali a kai. Alal misali, Debian, wanda Ian Murdock ya fara a 1993, shi ne tushen Ubuntu da ya fito a 2004, shi kuma Ubuntu ya zama tushen Linux Mint a 2006.

To, wani lokaci sai masu reshe su ga tushen bai dace da su ba, su ɗauke aikinsu su koma wani. CrunchBang ya bar Ubuntu ya koma Debian a 2010. Kamfanin Google ma ya bi wannan hanya a 2018 game da kwamfutocin ma'aikatansa, shi kuwa kamfanin Valve daga Debian ya fita zuwa Arch a 2022. Dalilan ba su wuce uku ba: saɓani da manufar masu tushen, ko neman tushe mai saurin sabuntawa, ko gudun dogaro ga kamfani guda. Wannan dalili na ƙarshe shi ya sa tun 2010 masu Linux Mint suke riƙe da wani bugu na biyu a kan Debian, domin Bahaushe ya ce kafin a yi daram akan yi kwandi.

Sauya tushe ba laifi ba ne, wani lokaci ma tilas ne. Abin da ke laifi shi ne a yanke shawarar ba tare da an dubi mai ƙaramin ƙarfi ba. Malamin makaranta a Danja ko Dabai sau da yawa tsohuwar kwamfuta gare shi, wutar lantarki ba ta zama, kuma da kuɗin aljihunsa yake shiga intanet. Tushe irin Arch, wanda kusan kullum yake fitar da sabbin gyare-gyare, nauyi ne a kansa. Wanda ya fi dacewa da shi shi ne irin Debian, mai fitar da tsayayyen bugu bayan kimanin shekara 2, ko bugun Ubuntu da ake kula da shi har shekara 5. Haka kuma, lokacin da Ubuntu ya daina fitar da babban bugunsa domin tsofaffin kwamfutoci masu bit 32 a 2017, rassan da ke kansa sun daina su ma daga baya, aka bar masu irin waɗannan na'urori da neman mafita.

Nijeriya ta taɓa ɗanɗana irin wannan. A 2007 aka yi cinikin ƙananan kwamfutoci 17,000 domin makarantu, ɗauke da manhajar Mandriva ta Faransa. Kafin a gama raba su sai ga labarin za a goge ta a sa Windows, har shugaban Mandriva ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa. A 2015 kuwa kamfanin Mandriva kansa ya rushe. Abin lura shi ne aikin bai mutu tare da kamfanin ba, domin tun 2010 wasu tsofaffin ma'aikatansa da 'yan sa kai suka ɗauke shi suka ci gaba da sunan Mageia. Wannan ita ce fa'idar manhaja buɗaɗɗiya: in tushe ya ruɓe, ana iya tsirar da iri.

A nan ne maganar ta shafi Sashen Hausa kai tsaye. Tsarin allon rubutu mai haruffan ɓ, ɗ da ƙ an ajiye shi ne a wata taska ta bai ɗaya da kusan dukkan dangin Linux suke ɗiba daga cikinta, saboda haka ko an sauya tushe haruffan suna nan. Fassara kuwa ba kullum take samun wannan sa'a ba. Wadda aka yi a dandalin Launchpad na Ubuntu ba ta wucewa da kanta zuwa ainihin masu manhajar, sai in wani ya kai ta. Ranar da reshe ya bar Ubuntu, gumin mafassara yana iya zama a baya. Amma in aka miƙa fassarar ga mafari, wato ga ayyuka irin su GNOME da KDE da LibreOffice, kowane reshe zai gaje ta, ko wane tushe ya hau.

Saboda haka abubuwa biyu suka kamata. Na farko, duk masu shirin sauya tushe su auna shawararsu da ma'aunin makarantar karkara, su sanar da wuri, su kuma shimfiɗa hanyar ƙaura wadda ba ta cin kuɗin intanet mai yawa. Na biyu, malamai da ɗaliban Hausa su ɗauki fassara manhaja a matsayin aikin ilimi, daidai da nazarin nahawu da adabi. A daidaita kalmomin fannu a taron ƙara wa juna sani, a ba ɗaliban ajin ƙarshe damar yin kundinsu a kan haka, sa'an nan a kai sakamakon ga mafari, inda sauyin tushe ba zai taɓa shi ba.