Lamurje da Robar da ke Huci

A wannan wata za mu leƙa wurin masu dafa giya, ba don mu sha ba, Allah ya kiyaye, sai don abin ya shafi iyayenmu mata masu sayar da lamurje da sobolo a zango.

A Ingila da Amurka akwai masu dafa giyarsu a gida, su adana ta a gangar ƙarfe. Wani lokaci murfin yakan yi yoyo, iska ta tsere, giyar ta kwanta ba kumfa. Ba sa zubarwa. Sai su narka sukari, kamar giram 6 zuwa 8 ga kowace lita, su gauraya, su ɗura a kwalabe su toshe. Bayan mako biyu kumfa ta dawo. Aikin yis ke nan, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda Louis Pasteur na Faransa ya bayyana aikinsu wajajen 1857. Sukan ci sukari su fitar da abu biyu tare, iska da barasa. In sukarin ya yi yawa, har kwalba takan fashe.

To, yis ba ruwansa da zango ko mashaya. Yana jikin gero da tsamiya, yana cikin robar da ba ta wanku ba. Lamurjen da maƙwabtanmu na Kumasi da Accra ke yi wa laƙabi da giyar Hausawa, ba giya ba ne ranar da aka haɗa shi. Amma ga sukari, ga roba a toshe, a ɗauke wuta firiji ya huce, ya kwana biyu cikin zafi, ai an yi abin da Baturen can ya yi da gangan. Robar da ta kumbura ta yi tauri, ta yi huci da an buɗe, alama ce aikin ya fara.

Fatawa ta malaman addini ce, ni na boko ne. Amma a Sahihu Muslim an ruwaito cewa jiƙon zabibi da ake yi wa Annabi (SAW) ba ya shan sa bayan yammacin kwana na uku.

Abin da ya fi damuna shi ne kwantai. Na jiya ya fara tsami, sai a ƙara masa sukari a sake toshewa don kada a yi asara. Hajiya, wannan sukarin yis kika ba, kuma 'yan makaranta ne za su saya da rana.